Kore magana daidai wa daida: jagora kan "da", "ko" da "idan"

A bara ɗan yayata ya samu gurbin karatu a jami'ar da ke Samaru, Zariya, amma bai samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba, sai mahaifinsa ya ɗora mini neman ɗakin haya tunda ni nake zaune a Tudun Wada. Dillalin da ya kai mu ya tura ƙofa ya ce, "Malam, ɗakin nan akwai ruwa da wuta." Muka biya kuɗin shekara. Ba a yi mako uku ba yaro ya buga wa mahaifinsa waya ya ce abin da dillali ya faɗa ba gaskiya ba ne. Shi kuma ya kira ni rai a ɓace: "Haba Malam, yaya za ku ajiye mini yaro a ɗakin da ba ruwa ba wuta?"

Na tari keke napep har Samaru. Na tarar ƙwan lantarki a kunne, fanka tana juyawa, waya tana caji a jikin bango. Famfo ne ya ƙafe. Ga jarkoki uku rawaya jere a bayan ƙofa, mai kura yake cika su duk bayan kwana biyu. Na tambayi yaron me ya gaya wa babansa. Ya ce, "Kawu, cewa na yi maganar dillali ba gaskiya ba ce. Ni ban ce ba wuta ba."

Yaron ya faɗi daidai. Uban ne ya ji an kore magana, sai ya kore fiye da abin da aka kore. Wannan kuskuren shi ne na fi gani a bakin ɗalibai, da 'yan kasuwa, da masu gardama a majalisa bayan La'asar, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan jagora. Kore magana yana da ma'auni: ka faɗi iyakar abin da ake buƙata don maganar ta faɗi, kada ka ƙara ko ƙwaya.

Fannin da yake koyar da wannan sunansa manɗiƙi, kuma ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Malam Abdurrahman al-Akhdari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda yara suke karanta ɗan littafinsa na fiƙihu da muke kira Ahalari, shi ne kuma ya wallafa waƙen Sullam a kan manɗiƙi yana ɗan shekara 21. Shehu Maghili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare halaccin koyon fannin. Don haka ɗalibin da ya ci karo da shi a darasin gama-gari na jami'a ya sani cewa kakanninsa sun riga shi.

Mataki na farko: ka tabbata magana ce mai ɗaukar gaskiya ko ƙarya

"Kasuwar Sabon Gari a buɗe take" magana ce, domin ko dai haka ne ko ba haka ba ne. "Ina za ka?" da "Rufe ƙofa" da "Allah ya kiyaye hanya" ba a ce musu gaskiya ko ƙarya, ba su cikin lissafinmu. Malaman zaure suna kiran irin ta farko ƙadiyya. Ƙarya a nan kuma ba ta nufin mutum ya yi niyyar yaudara. Nufinta maganar ba ta dace da abin da yake wakana ba.

Mataki na biyu: ka kwance maganar, ka nemo mahaɗinta

Harɗaɗɗiyar magana ita ce wadda aka ɗinka daga ƙananan maganganu biyu ko fiye. Ta dillali biyu ce: "akwai ruwa" da "akwai wuta". Rubuta kowace a layinta, ka ba ta harafi, A da B, sannan ka duba zaren da ya haɗa su.

Hausa tana ɓoye zaren nan sau da yawa. "Ya zo ya biya kuɗi" babu "da" babu "kuma" a ciki, amma abu biyu aka tabbatar. "Amma" da "duk da cewa" su ma a ma'aunin gaskiya "kuma" ne: wanda ya ce "shagon yana da araha amma yana da nisa" ya tabbatar da araha, ya tabbatar da nisa, "amma" ɗin ra'ayinsa kawai take nunawa. A ɗaya gefen kuma ba kowane "da" ne mahaɗi ba. "Tela da mai shago sun yi sulhu" ba ta kwantuwa zuwa "tela ya yi sulhu" da "mai shago ya yi sulhu", domin sulhun tsakaninsu ne, magana ɗaya ce. Gwajin mai sauƙi ne: raba su, in kowace ta tsaya da ƙafarta kuma ma'ana ba ta zube ba, harɗaɗɗiya ce.

Mataki na uku: ka san bambancin korewa da kishiya

Nan ne tushen komai, kuma nan ake tuntuɓe. Korewar magana dole ta cika sharaɗi biyu tare: ita da maganar ba za su zama gaskiya a lokaci guda ba, kuma ba za su zama ƙarya a lokaci guda ba. In ɗaya ta tashi ɗaya ta faɗi, koyaushe.

Ɗauki "shayin nan da zafi". Da yawa za su ce korewarta "shayin nan da sanyi". Ba haka ba ne, domin shayi yana iya zama da ɗumi, sai duka biyun su zama ƙarya. Sanyi kishiyar zafi ne. Korewar ita ce "shayin nan ba zafi", wadda ta rungume ɗumi da sanyi gaba ɗaya. Haka "ya ci riba" ba a kore ta da "ya faɗi", domin ɗan kasuwa yakan tashi da uwar kuɗinsa cif, ba riba ba faɗuwa. "Ya zo da wuri" ba a kore ta da "ya makara", domin mai yiwuwa ko zuwa bai yi ba.

In ka rikice, akwai mafaka: sa "ba gaskiya ba ne cewa" a gaban maganar dukanta. Wannan korewa ce da ba ta kuskure. Duk aikin da ya rage a jagorar nan shi ne yadda za a shigar da wannan "ba" ɗin cikin maganar ba tare da an ɓata ta ba. Kuma kore korarre komawa asali ne: "ba gaskiya ba ne cewa bai biya ba" daidai take da "ya biya".

Mataki na huɗu: "da" da "kuma"

Maganganu biyu hali huɗu kawai suke iya shiga. Mu jera su a kan ɗakin Samaru:

Akwai ruwa, akwai wuta: dillali ya yi gaskiya.
Akwai ruwa, ba wuta: maganarsa ta faɗi.
Ba ruwa, akwai wuta: maganarsa ta faɗi.
Ba ruwa, ba wuta: maganarsa ta faɗi.

Wannan jerin shi ake kira jadawalin gaskiya. Dubi yadda "da" take da tsada: hali ɗaya cikin huɗu ne kawai yake tsayar da ita. Wanda ya ce maganar ba gaskiya ba ce yana nufin ana cikin ɗaya daga halaye ukun ƙasa, bai ce wanne ba. Mijin yayata ya tsallake biyu ya dira kan na ƙarshe. Korewar da ta rufe ukun duka ita ce "ko dai ba ruwa, ko ba wuta, ko duka biyun babu". Wato in aka kore "A kuma B", sai kowane ɓangare ya koru, mahaɗin kuma ya juye daga "kuma" zuwa "ko".

Ana danganta wannan ƙa'ida da Augustus De Morgan, masanin lissafi na Ingila da ya rayu daga 1806 zuwa 1871, ko da yake masana irin su William na Ockham sun faɗe ta da baki tun ƙarni na 14.

Ga inda take aiki kullum. A fannoni da yawa jami'o'inmu suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi. Yarinya ta dawo gida ta ce ba ta cika sharaɗin Turanci da Lissafi ba, sai gida ya ɗauka ta faɗi duka biyun, a shiga faɗa. Wataƙila ta ci Turanci da kyau, Lissafi ne kaɗai ya kayar da ita, kuma malamin Lissafi kaɗai take buƙata. Hausar kanta tana da hannu a ruɗanin, domin "ban samu Turanci da Lissafi ba" tana ɗaukar ma'ana biyu. In kai ne mai magana, ka fayyace: "ban samu ko ɗaya ba" ko "ban haɗa biyun ba". In kai ne mai sauraro, ka tambaya kafin ka yanke hukunci.

Kada a raina ƙaramar kalma irin wannan. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda aka rubuta da Turanci, ya ce ɗan takarar shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohin tarayya da Babban Birnin Tarayya, Abuja. Bayan zaɓen 2023 gardama ta tashi a kan wannan "da" ta ƙarshe: shin sharuɗɗa biyu ta haɗa, jihohi daban Abuja daban, ko kuwa jihohi 36 da Abuja ta zuba a kwando ɗaya? A ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta tsaya a kan fahimta ta biyu. Ba ra'ayin siyasa nake nunawa ba. Abin lura shi ne kafin ka kore magana sai ka san me mahaɗin ya haɗa, da iyakar inda hannunsa ya kai.

Mataki na biyar: "ko"

Fanka tana juyawa in akwai wutar Nepa ko an tada janareto. Yaushe za ta tsaya? Sai in ba Nepa kuma ba janareto. Ga ƙa'idar De Morgan ta biyu ke nan: korewar "A ko B" ita ce "ba A ba, kuma ba B ba". A wancan mataki "kuma" ta koma "ko", a nan "ko" ta koma "kuma". Ma'aikacin banki ya ce ka kawo katin zaɓe ko katin ɗan ƙasa. Wanda zai kora gida shi ne wanda bai zo da ko ɗaya ba. Wanda ya zo da biyun ya cika sharaɗi har da ƙari.

Sai dai "ko" ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan na fi son rabon malaman zaure a kan na littattafan boko, domin su uku suka kasa ta. Akwai wadda ta hana a rasa duka amma ba ta hana a haɗa ba, mani'atul khuluwwi, irin ta katin banki. Akwai wadda ta hana a haɗa amma ba ta hana a rasa duka ba, mani'atul jam'i: mutum ba zai kasance a birnin Kano da garin Kaduna a lokaci guda ba, amma yana iya zama ba ya ko ɗaya, yana Wusasa. Akwai kuma haƙiƙiyya, wadda ta hana haɗawa ta hana rasawa: mutum ko yana raye ko ya mutu. A lissafi da ilimin kwamfuta, in an ce "ko" ba tare da ƙarin bayani ba, ta farkon ake nufi. In kuwa mai magana yana nufin "ɗaya tak daga cikin biyu", to korewarsa hanya biyu ce: ko an samu duka biyun, ko ba a samu ko ɗaya ba.

Amfanin wannan rabo a gardama babba ne. Mutum zai tsare ka ya ce, "Ko dai kana tare da mu, ko kana gaba da mu." Ya ɗauki "ko" mai hana haɗawa ya sayar maka a matsayin haƙiƙiyya. Kore ta ka gani: "ba na tare da ku, kuma ba na gaba da ku." Shin wannan hali mai yiwuwa ne? Ƙwarai kuwa, mutane da dama a nan suke. Duk lokacin da aka ba ka zaɓi biyu aka ce babu na uku, kore biyun tare ka duba ko akwai wanda zai iya tsayawa a wurin.

Mataki na shida: "idan", inda aka fi zubewa

Zan daɗe a nan, domin ko ɗaliban da suka haddace De Morgan sukan faɗi a kan "idan".

Sallah ta gabato, ka je wurin tela a Ƙofar Doka. Keken ɗinki yana ta ƙara, yadudduka sun yi tsibi a kan benci, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, idan ka kawo yadi kafin Laraba, zan gama maka kafin jajiberi." Ɓangaren farko, kawo yadi kafin Laraba, malamai suna ce masa muƙaddam; na biyu, gamawa kafin jajiberi, suna ce masa tali. Tambaya ɗaya za ka riƙe: a wane hali za ka iya cewa tela ya saɓa alkawari?

Ka kawo kafin Laraba, ya gama: ya cika.
Ka kawo kafin Laraba, bai gama ba: ya saɓa.
Ka kawo ranar Juma'a, ya daure ya gama: bai saɓa ba, alheri ya yi.
Ka kawo ranar Juma'a, bai gama ba: bai saɓa ba, domin bai yi maka alkawarin komai a kan Juma'a ba.

Hali ɗaya tak ne yake karya "idan": sharaɗi ya cika, sakamako bai zo ba. Saboda haka korewar "idan A, to B" ita ce "A ta faru, kuma B ba ta faru ba". Lura da kyau, babu "idan" a cikin korewar ko kaɗan. Ɗalibai sukan rubuta "idan ka kawo kafin Laraba, ba zan gama ba", ko "idan ba ka kawo ba, ba zan gama ba". Duka biyun sababbin alkawura ne, ba labarin saɓa na farko ba. Gwada su da ma'aunin mataki na uku: ka kawo yadi ranar Juma'a, to alkawarin farko bai karye ba, "idan ka kawo kafin Laraba ba zan gama ba" ita ma ba ta karye ba. Abu biyu da za su tsaya tare ba korewar juna ba ne.

Halaye biyun ƙarshe sukan dami mutane, su ce ta yaya za a kira magana gaskiya alhali sharaɗinta bai ma faru ba. Ni ina ganin damuwar tana da tushe, domin "idan" ta yau da kullum takan ɗauki ma'anar dalili da sakamako, abin da jadawali ba ya aunawa. Amma don aikin korewa, fahimtar alkawari ta wadatar: abin da bai karya alkawari ba, bai ƙaryata maganar ba.

Yanzu juye-juyen "idan". Ɗauki magana da kowa ya yarda da ita: idan mutum yana Sabon Garin Zariya, to yana jihar Kaduna. Juya ta baya: idan yana jihar Kaduna, to yana Sabon Gari. Mutumin Kafanchan ya isa ya rushe wannan. Kore ɓangarorin a inda suke: idan ba ya Sabon Gari, to ba ya jihar Kaduna. Mutumin Kafanchan ɗin dai ya sake rushe ta. Amma ka juya kuma ka kore tare: idan ba ya jihar Kaduna, to ba ya Sabon Gari. Wannan daram take, ita da ta asali abu ɗaya ne. Daga nan hanyoyi biyu na hujja suka inganta, biyu suka ɓaci. In A ta tabbata, B ta tabbata. In B ta koru, A ta koru. Amma tabbatar B ba ta tabbatar da A, korewar A kuma ba ta kore B.

Wannan ba wasan aji ba ne kawai. Uwa ta san zazzaɓin cizon sauro yana sa jiki zafi. Jikin yaro ya yi zafi, sai ta aika kemis a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro. Ta tabbatar da B ta ɗauka A ta tabbata. Taifot yana sa zafin jiki, ciwon haƙarƙari yana sa shi, sanƙarau yana sa shi, kuma kwanakin da aka ɓata ana ba da maganin da ba na cutar ba suna iya zama masu tsada ƙwarai. Gwajin jini ne yake raba gardama.

A shekarar 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Peter Wason, ya gwada mutane da katuna huɗu a kan doka mai "idan", mafi yawansu suka kasa zaɓar katunan da ya kamata a juya. Ga irinsa da kayan gida. Doka ta ce: idan ɗalibi yana cikin ɗakin jarrabawa, to ya biya kuɗin makaranta. An ba ka labarin ɗalibai huɗu: na farko yana ciki, na biyu yana waje, na uku ya biya, na huɗu bai biya ba. Su wa za ka bincika don ka san ko an karya dokar? Koma ga korewa: "yana ciki, kuma bai biya ba". Na farko zai iya zama haka, sai a nemi rasit ɗinsa. Na huɗu zai iya zama haka, sai a duba inda yake. Na biyu da na uku ba ruwanka da su, duk abin da ka gano a kansu ba zai karya dokar ba. Masu bincike da suka biyo bayan Wason sun gano cewa mutane sun fi dacewa in an sa gwajin cikin dokar zaman jama'a irin wannan, wato basirar tana nan a kanmu, horo take so don ta yi aiki a ko'ina.

Sai kalmar "sai", wadda Hausa take ji da ita. "Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya." Karin maganar bai ce duk mai ruwan ciki zai ja na rijiya ba, domin ƙosasshen da ba shi da guga haka zai tsaya a bakin rijiya. Abin da ya ce shi ne in an ga mutum ya ja, to da ruwan ciki ya ja. Wato "sai da A ake B" daidai take da "idan B, to A", kibiyar ta juya. Korewarta kuwa "an yi B ba tare da A ba". Haka "sai ka kai makin da aka yanke za ka samu gurbi": kaiwa makin dole ne, amma bai wadatar ba, kuma ɗalibin da ya kai makin bai samu gurbi ba bai kama kowa da ƙarya a kan wannan maganar ba. Wanda zai ƙaryata ta shi ne wanda ya samu gurbi bai kai makin ba. In ana son sharaɗi ya zama dole kuma ya wadatar, sai a faɗi duka biyun: "idan ka biya za ka shiga, kuma sai ka biya za ka shiga." Wannan tana karyewa ta gefe biyu, mai biya da aka hana, ko marar biya da ya shige.

Mataki na bakwai: "duk", "wasu" da "babu"

Tun zamanin Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, aka tsara wannan, kuma Bahaushe ya taƙaita shi da cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Korewar "duk 'yan ajin sun zo" ita ce "akwai aƙalla ɗaya da bai zo ba". Ba "babu wanda ya zo" ba, wannan kishiya ce, domin in rabin aji ya zo duka biyun sun faɗi. Wurin da "ba" ta zauna shi ne komai: "ba duk 'yan ajin ne suka zo ba" daban, "duk 'yan ajin ba su zo ba" daban. Korewar "babu wanda ya zo" ita ce "akwai wanda ya zo", ko da mutum ɗaya ne. "Kullum" ana kore ta da "akwai ranar da ba haka ba", ba da "bai taɓa ba". "Wasu" kuma a manɗiƙi aƙalla ɗaya take nufi, kuma ba ta hana a ce duka ne.

Wanda ya ce duk mutanen ƙabila kaza macuta ne ya ɗauki kaya mafi nauyi a gardama, domin mutumin kirki guda ɗaya ya isa ya sauke shi. Kai kuma mai ba shi amsa, kada ka ce duk mutanen kirki ne, ka ɗauki irin kayansa. Kawo ɗayan nan kawai.

Mataki na takwas: doguwar magana, daga waje zuwa ciki

In mahaɗai sun yi yawa, nemo babban, wanda ya riƙe maganar dukanta, ka fara kore shi, sannan ka shiga ciki ɗaki bayan ɗaki. Ana iya zana jadawali, amma yana kumbura da sauri: maganganu biyu layi 4, uku layi 8, huɗu layi 16. Bin ƙa'idojin nan ya fi sauri.

Da shekara ta zagayo za a sabunta hayar ɗakin Samaru, na ce wannan karon a rubuce za a yi. Muka zauna da mai gidan a kan tabarma a ƙofar gidansa, ɗan yayata yana riƙe da biro, muka rubuta: "Idan famfo ya yi kwana bakwai a ƙafe ko mita ta lalace, mai gida zai gyara kuma zai rage kuɗin haya." Na ce wa yaron ya faɗa mana a gaban mai gida yaushe za a ce an saɓa wannan.

Ya fara da babban mahaɗi, "idan". Saɓawa ita ce sharaɗi ya faru kuma sakamako bai zo ba. Sharaɗin ana barinsa yadda yake, ba a kore shi: famfo ya yi kwana bakwai a ƙafe ko mita ta lalace, ɗaya ma ya isa. Sakamakon ne ake korewa, kuma shi "kuma" ne ya haɗa shi, don haka ya juye zuwa "ko": bai gyara ba, ko bai rage kuɗi ba. Ya karanta a hankali: "An saɓa in famfo ya ƙafe kwana bakwai ko mita ta lalace, sannan Baba bai gyara ba ko bai rage kuɗi ba."

Mai gidan ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato ko na gyara, in ban rage ba na saɓa ke nan?" Na ce haka rubutun ya ce. Ya ce shi ba haka yake nufi ba, nufinsa in ya kasa gyarawa ne zai rage. Muka soke layin, yaron ya sake rubutawa: "mai gida zai gyara ko ya rage kuɗin haya." Na sa ya kore sabuwar. Ya ce yanzu sai in Baba bai gyara ba kuma bai rage ba. Mai gida ya gyaɗa kai, ya karɓi biro ya sa hannu, ni ma na sa a matsayin shaida.